Gani Ya Kori Ji, Amma Wa Ke Biyan Kuɗin Ganin?

A gabas da Borniyo, cikin ƙasar Maleziya, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Sipadan. Girmansa bai fi eka 12 ba a ma'aunin da muke auna gona da shi a Nijar, kuma mai tafiya a ƙasa kan zagaye shi cikin rabin awa. Kan wani dutse ne da ya taso daga ƙarƙashin teku wajen mita 600. Ba shi da kasuwa, ba shi da gona. Duk da haka mutane kan taso daga Faransa da Japan da Amurka, su kashe kuɗin da zai cika rumbuna, don kawai su goya tukunyar iska, su nutse, su kalli kififiya da garken kifi suna kai da komo cikin murjani, sa'an nan su koma gida hannu rabbana.

Mutumin Gidan Amumune, wanda ya san ruwa ta hanyar guga da doguwar igiya, in ya ji wannan labari sai ya riƙe baki. A wurinmu tafiya tana da suna da dalili: fatauci, almajiranci, cin rani, aikin hajji, sada zumunci. Kowace ana dawowa da wani abu, ko riba, ko karatu, ko lada. Wannan kuwa muka raɗa mata suna yawon buɗe ido, kuma kalmar yawo a bakin Bahaushe ba yabo ba ce.

Ni dai ban ga laifin wannan tafiya a asalinta ba. Wanda ya iya tsayawa gaban kifi bai tuna da tukunyar miya ba, ya kai wani matsayi na ɗa'a da ba kowa ke kaiwa ba, domin ya yarda halitta tana da daraja ko ba ta shiga cikinsa ba. Makiyayin da ke tsayawa da maraice yana duban garkensa, ba ƙirga yake ba, ba ciniki yake ba, ya san wannan daɗi. Matsalar tana wani wuri: ido ba ya tafiya shi kaɗai. Yana zuwa da ƙafafu da ciki, da jirgin da ya kawo shi, da sharar da zai bari.

Tarihin Jacques Cousteau ya isa misali, kuma malaman faransanci sun san shi. Shi da Émile Gagnan suka ƙera na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa a 1943. Fim ɗinsa Le Monde du silence ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1956, amma a cikinsa ana ganin mutanensa suna fasa nakiya a kan murjani, suna kuma karkashe kifayen shak. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu kare teku. A ƙarshen shekarun 1980 ya ɗauki fim a Sipadan, ya yabi wurin, duniya ta ji. To, yabon ne ya jawo otel-otel a kan ɗan tudun da kififiya ke haƙa rami ta zuba ƙwai. Sai da hukuma ta tashi masaukan duka a ƙarshen 2004, ta kuma ƙayyade masu nutso, da farko mutum 120 a rana. Masoya wurin ne suka kusa ganin bayansa, ba maƙiyansa ba.

Ƙayyadewar ta yi kyau, amma ba ta amsa tambayar da ta fi nauyi ba: wa ke biyan kuɗin wannan kyau da baƙo ke zuwa kallo? Tun kafin a san tukunyar iska, mutanen yankin suna kwasar ƙwan kififiya a Sipadan. Abin mamaki, da Kotun Duniya ta raba gardama tsakanin Maleziya da Indunusiya a 2002, daga cikin hujjojin da ta dogara da su akwai dokokin da Turawan Ingila suka kafa a kan kwasar ƙwan nan. (Kotun nan ce ta tabbatar wa Nijar tsibirin Lete a 2005.) Wato sana'ar talaka ta zama shaidar mallakar ƙasa. Amma a 2024, a yankin Samporna da ke maƙwabtaka, hukuma ta rushe gidajen ƴan ƙabilar Bajau da suka gina bisa ruwa cikin wani gandun teku, alhali da yawansu ko takardar zama ɗan ƙasa ba su da ita. Baƙo yana da takardar izinin shiga, wanda aka yanke wa cibiya a kan ruwan kuwa ba shi da ta zama.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin teku ne, ba ruwanmu. Ba mu da murjani, amma muna da abin da ake zuwa kallo. Raƙuman dawa na Kure ba su wuce 50 ba a 1996. Da aka kula da su suka haura 600 cikin shekaru ashirin da ƴan kai, har a 2018 aka kai 8 gandun Gadabeji, nan cikin jihar Maraɗi. Wannan abin alfahari ne. Sai dai raƙumin dawa yana cin waken manomi, kamar yadda dorinar Ayaru ke tattake shinkafa, har mutanen wurin suka fusata suka kashe da dama a 2017. An daɗe ana rarrashin manomi da cewa ya yi haƙuri, kuɗin baƙi na nan tafe. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, baƙi suka ɗauke ƙafa. Raƙumin dawa kuwa bai daina cin wake ba.

A nan hujjar kuɗi take nuna rauninta. In dalilin barin dabba da rai shi ne aljihun mai kallo, to ranar da mai kallo ya fasa zuwa dalilin ya faɗi. Dole a samo wani dalili daga cikin gida, kuma dole mai gona da masunci su zauna a wurin da ake yanke shawara, ba a aiko musu da ita a rubuce ba.

Gorubar Gulbin Kaba, wadda ta ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, ba wanda ya taɓa yankar tikitin jirgi don ya gan ta. Kamar murjani take: shekaru take ɗauka kafin ta miƙe, yini guda ya isa a sare ta. Inda ta saura, ta saura ne don masu saƙar tabarma da masu tufkar igiya da masu gonakin sun ga ya fi musu alheri a bar kaba ta toho. Ɗalibanmu da yawa sun ga kifin Sipadan a wayar hannu, amma in ka tambaye su shekara nawa kaba ke yi kafin ta zama goruba, sai ajin ya yi tsit.