Otal Biyu a Landan: Ina Addini Ya Shigo?

Mazaunin Manawashi, a cikin garin Gombe, ba ya kwana da tunanin inda zai yi sallar Asuba. Kafin ya gama juyi a shimfiɗa ladanai biyu ko uku sun kira, masallaci yana bakin layi, buta tana tsakar gida, naman kasuwa kuwa ba a tambayar wanda ya yanka. Unguwa ce take ɗauke masa rabin nauyin ibadarsa ba tare da ya ankara ba. Ranar da mutumin nan ya sami biza ya ɗebi iyalinsa zuwa hutun mako guda a Landan, ko likita ne a Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko malami a Jami'ar Jihar Gombe, ko ɗan kasuwar Tudun Hatsi da Allah ya buɗa wa, duk wannan tallafi a filin jirgin Lawanti yake tsayawa. Abin da zai zama unguwarsa a can shi ne otal ɗin da ya kama. Don haka idan ya zauna da waya a hannu yana auna otal biyu, a ganina addini yana da ta cewa. Sai dai maganar tasa gajeruwa ce, tambaya biyu ce: wane masauki ne zai bar shi ya sauke farillansa cikin sauƙi, kuma kuɗin da zai biya, akwai haƙƙin wani a ciki? Idan ya amsa waɗannan, sauran halas ne tsantsa, kuma doguwar fargaba a kansa asarar lokaci ce da ta zuciya.

Mu ɗauki misali a fili. Otal na farko yana kusa da Leicester Square, tsakiyar gari, inda gidajen sinima da na caca da na rawa suke cike har tsakar dare. Na biyu yana wajen Edgware Road, titin da aka sani da gidajen abincin Larabawa, inda mutum zai iya takawa da ƙafa zuwa Babban Masallacin Landan na Regent's Park, wanda aka kammala a 1977. Farashinsu ya yi kusa, taurarinsu ɗaya, hotunan ɗakunan duk sun yi kyau. Wanda ya yi karatun Risala a zaure ya san cewa a mazhabar Malikiyya ƙasaru tana halatta ga tafiyar da ta kai mil 48, amma da zarar matafiyi ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, ƙasaru ta yanke, sai ya cika sallarsa, kuma Juma'a ta hau kansa tare da mutanen garin. Mai hutun mako guda ke nan ba matafiyi ba ne a hukunce, mazauni ne na ɗan lokaci. Ga kuma agogon Landan da ba ya kama da namu. A Gombe rana tana faɗuwa tsakanin shida saura da bakwai saura duk shekara. A Landan, cikin watan Yuni sai bayan ƙarfe 9 na dare take faɗuwa, ta fito kafin 5 na safe, Isha'i da Asuba su matso kusa da juna har barci ya rasa gurbi. A watan Disamba kuwa kafin 4 na yamma an yi Magariba, wanda ya shiga kanti bayan Azahar yana iya fitowa ya tarar La'asar ta tafi. Alƙibla ma ba gabas ɗin da ya saba ba ce, kudu maso gabas take. Mutumin da yake kusa da masallaci yana da jadawalin lokutan salla a bango, yana da jama'ar da zai bi, yana da inda zai ci tuwon dare ba tare da binciken abin da aka soya da man alade ba. Ɗayan kuwa shi kaɗai zai ɗauki wannan duka, ga mata da yara. Otal biyun da suka yi kunnen doki a waya, a ma'aunin farilla akwai rata tsakaninsu.

Za a ce na tsananta. Ai an sanya wa wannan al'umma ƙasa duka ta zama wurin salla, ɗakin otal ya isa mutum ya shimfiɗa dadduma, kuma giyar da ke cikin ƙaramin firjin ɗaki ba ta shiga bakin wanda bai buɗe ba. Wannan gaskiya ne, kuma ban ce kwana a otal na farko haramun ba ne. Wanda aiki ko taro ya ajiye shi a can sallarsa ta inganta. Amma muna magana ne a kan wanda aka ba zaɓi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa duk lokacin da aka ba Manzon Allah (SAW) zaɓi tsakanin abu biyu, mafi sauƙi yake ɗauka matuƙar babu saɓo a ciki. Mutane suna son wannan hadisi don suna jin yana ba su lasisin jin daɗi, suna manta cewa sauƙin da ya fi kowane sauƙi ga mumini shi ne kada ya yini yana kokawa da wurin da yake zaune. Uban da zai ratsa ta gaban gidajen rawa da 'ya'yansa matasa kowane dare kafin ya kai ƙofar otal, wahala ya saya wa kansa da kuɗinsa. Kakanninmu fatake sun fahimci wannan. Ayarin goro da ke zuwa Gwanja, idan ya isa Salaga ko wani zango, ba ɗaki yake fara nema ba, mai masauki yake nema: mutumin da aka san amanarsa, wanda zai adana kaya, ya haɗa baƙo da dillali, ya nuna masa masallaci. Otal na zamani ya cire mai masauki ya bar ɗaki, shi ya sa aikin tantance unguwa ya dawo wuyan matafiyi.

Akwai suka mafi nauyi, kuma ita ce ta cancanci a tsaya mata. Mai ita zai ce tambayar tun daga tushe abin kunya ce. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, akwai gidaje a Manawashi da Bolari da Pantami da tukunya ba ta hawa murhu sau uku. A irin wannan hali, kuɗin kwana ɗaya a kowanne daga cikin otal biyun ya fi albashin wata na malamin firamare, to wace fatawa ake nema bayan a fasa tafiyar? Ina jin zafin wannan magana, kuma rabinta daidai ne. Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya haɗa umarnin ba dangi da miskini da matafiyi haƙƙinsu da hanin almubazzaranci a aya ɗaya, kamar ana nuna mana cewa ɓarnar dukiya yawanci daga kason wani ake yankarta. Wanda bai fitar da zakka ba, ko yake riƙe da kuɗin leburorinsa, ko ƙanwarsa take kwance an rasa kuɗin magani, ko ya ci bashi don a ga hotonsa a bakin kogin Thames, wannan duka otal biyun ba nasa ba ne. Amma sauran rabin maganar ya wuce gona da iri. Suratul A'arafi ta yi inkari ga mai haramta adon da Allah ya fitar wa bayinsa da daɗaɗan arziki, Suratul Furƙani ta yabi masu tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro, Suratuɗ Ɗalaƙi kuma ta ɗora ciyarwa a kan gwargwadon wadatar kowa. Tafiya a bayan ƙasa don gani da lura abu ne da Littafin ya kwaɗaitar a wurare da dama. Saboda haka ba farashin ɗaki ne yake mai da shi almubazzaranci ba, abin da aka bari a baya ba a biya ba ne. Daidai ruwa daidai tsaki. Wanda ya sauke haƙƙoƙi ya kama otal mai tsada don mahaifiyarsa mai ciwon gwiwa ta sami sauƙin hawa da sauka bai yi ɓarna ba, wanda kuma ya kama mai araha a bayan gari ya dinga jigilar iyali awa guda a jirgin ƙarƙashin ƙasa bai zama mai gudun duniya ba.

To idan an tace, aka tarar duka biyun suna kusa da masallaci, duka biyun aljihu zai ɗauka ba tare da an zalunci kowa ba fa? A nan ne ruwan ido yake kama mutane, a yi mako ana buɗe Booking.com ana rufewa, ana karanta ƙorafin baƙin da ba a san su ba game da taurin katifa. Matsalar tsohuwa ce a falsafa. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo a Tahafutul Falasifa misalin mutumin da aka ajiye wa dabino biyu masu kama ɗaya ta kowace fuska, kuma ba zai iya ɗaukar duka ba. Masu cewa ba a zaɓi sai da dalilin fifiko, maganarsu tana nufin zai tsaya yana kallo har abada. Ghazali ya ce a'a, zai ɗauki ɗaya, domin aikin irada ke nan, ta ware abu daga makamancinsa. Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba, ya yi masa raddi da cewa ainihin zaɓin mutumin tsakanin ɗauka da bari ne, kuma ɗauka ta fi. Sun saɓa a bayani, amma a aikace wuri ɗaya suka sauka: mai hankali yana miƙa hannu. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Barry Schwartz, ya rubuta littafi a 2004 yana nuna cewa masu nacin sai sun sami mafi kyawu a komai sun fi masu karɓar abin da ya wadatar yawan nadama. Wannan bai zo wa ɗalibin tauhidi da mamaki ba. Mai son ya tabbatar da mafi alheri kafin ya motsa yana neman sanin gaibu ne, alhali ba a ba shi ba. Ba zai san ko famfon ɗaki zai lalace ba, ko wane maƙwabci zai samu a bayan bango.

Gurbin da wannan jahilci na ɗan Adam ya bari shi istihara ta zo ta cike. Wasu suna ganin raini ne a yi istihara a kan otal, sun keɓe ta ga aure da babban ciniki. Hadisin Jabir ɗan Abdullahi a Bukhari ya nuna Annabi (SAW) yana koya wa sahabbai ita a al'amura dukkansu, kamar yadda yake koya musu sura. Inda mutum zai ajiye matarsa da 'ya'yansa kwana bakwai a baƙon gari bai yi ƙanƙanta da raka'a biyu ba. Abin da ya kamata a gyara shi ne yadda muka mai da ita: a kai wa malam sunaye ya kwana a kai, a jira mafarkin fari ko kore. Hadisin bai ambaci mafarki ba, bai kuma ambaci wakili ba. Mai buƙata ne yake salla, ya roƙi a sauƙaƙe masa abin idan alheri ne, a kawar masa idan sharri ne, a kuma sanya masa yarda da abin da aka ƙaddara. Kafin nan ya tambayi ɗan'uwan da ya san garin, domin Suratu Ali Imrana ta jera shawara, sannan azama, sannan tawakkali. Bayan ya idar da istiharar, ya biya kuɗin otal ɗaya ya rufe wayar.

Yana yiwuwa ya isa ya tarar ɗakin ƙarami ne, ko hayaniyar titi ta hana yara barci. Wannan ba hujja ba ce cewa ya yi zaɓen tumun dare, domin ana auna zaɓi da abin da mutum ya sani ranar da ya zaɓa. Hadisin Muslim ya hana mumini faɗin da na yi kaza da kaza ta faru, saboda ƙofa ce da Shaiɗan yake shigowa ta ciki. Abin zargi shi ne wanda ya kwana biyar yana gwada girman talabijin na otal biyu bai taɓa duba nisan masallaci ba, ya je ya rasa Juma'a ya ce ai matafiyi ne. Da yawa ba taurin kai ne ya jawo musu haka ba, ba a koya musu ba ne. Hukumar alhazai tana tara maniyyata a yi musu bita kafin su tashi, amma ɗalibai da 'yan kasuwa da masu neman magani da masu hutu da ke fita daga Gombe zuwa Landan da Istanbul da Faris babu mai zaunar da su. Ina kira ga limaman Manawashi da sauran unguwannin garin nan su ware zama a karatun tsakanin Magariba da Isha'i don hukunce-hukuncen tafiya ƙasashen da rana ba ta faɗuwa irin tamu, tun kafin hutun makarantu na gaba ya zo.