Albashin Yamai ko zaman kai a Dantchiao?

Ɗan yayata mai rubuta manhajar kwamfuta ya bar wani ofis a Yamai, ya dawo Dantchiao yana karɓar aiki ta intanet. Albashin can ya fi tsoka, sai dai ba a ɗaga mutum sai ya iya fadanci da kai tsegumi wurin shugaba.

Na tuna masa hukuncin Malikiyya da muka karanta a Risala: mai sana'ar kansa shi ke biyan abin da ya lalace a hannunsa, ɗan albashi kuwa amintacce ne. In manhaja ta rushe, asarar tasa ce shi kaɗai, ga wutar lantarki sai a hankali.

Duk da haka ina bayansa. Ƙarin albashin da sai an ci naman abokin aiki, ban yarda halaliya ba ne.