Bimbinin Safiya: Tumaki Biyu Kacal

 Kafin saƙonnin waya su fara rububin hankalinmu, mu ɗan zauna a inda muka idar da salla mu yi tunani a kan wani wasa. Na san wani zai ce me ya haɗa bimbini da wasan kati. A yi mini uzuri zuwa ƙarshe.

Hearthstone wasa ne da ake bugawa ta intanet, kamfanin Blizzard na Amurka ya fito da shi a 2014. Mutum biyu ke karawa, kowa da ƙunshin kati 30 da ya haɗa da hannunsa, kowa da rai 30, wanda ransa ya riga ƙarewa shi ya sha kaye. Kowane kati yana da ƙarfin da ake biya kafin a sauke shi, ƙarfin kuwa da kaɗan-kaɗan yake zuwa: ɗaya a zagayen farko, biyu a na biyu, har ya tsaya a goma. Akwai masu farmaki, waɗanda ke zuba ƙananan dakaru tun daga farko don su gama da kai kafin ka kintsa. Akwai kuma masu tarewa. Su ba sa sauri. Abin da abokin karawa ya sauke su kawar da shi, ya sake saukewa su sake kawarwa, har hannunsa ya bushe, sannan su gama wasan da abin da ya rage musu.

Matsalar ita ce tarewa salon masu hali ne. A wasan ana ƙera kati da wani abu da ake kira ƙura. Katin gama-gari ƙura 40 yake ci, na sama da shi 100, na gaba 400, katin alfarma kuwa 1,600. In ka narkar da katin gama-gari ƙura 5 kawai za a ba ka, ke nan sai ka narkar da 320 kafin ka ƙera na alfarma guda. A shekarun farko na wasan, wani ƙunshin tarewa da ya yi tashe shi ne na jarumin da ake kira Warrior, an cika shi maƙil da katunan alfarma irin su Ragnaros da Ysera da Grommash da Alexstrasza, har 'yan wasa suka yi masa laƙabi da mayaƙin jakar kuɗi. Wanda ya sa bakwai daga cikinsu ya kashe ƙura 11,200 tun bai taɓa sauran katunan ba.

To, ga wanda ba shi da wannan, amma zuciyarsa tarewa take so. Sai ya ɗauki matsafiyar wasan, Jaina, da katunan da a lokacin ake bai wa kowa kyauta. A cikinsu akwai Polymorph, mai cin ƙarfi huɗu, wanda ke mayar da kowane dakare, komai girmansa, tunkiya mai rai ɗaya da bugu ɗaya. Kati ne na ban mamaki, amma doka ba ta yarda a sa fiye da biyu na kati iri ɗaya ba. Tumaki biyu ke nan, a gaban mutumin da ke da dodanni bakwai. An kuma ga mutane sun yi nisa da irin wannan guzuri. Jeffrey Shih, wanda 'yan wasa suka sani da Trump, ya sha buɗe sabon asusu bai sa ko sisi ba ya hau da shi har matakin ƙoli. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mu matso kusa mu ga zagaye ɗaya. Ana kan na biyar. Abokin karawarka yana da dakare matsakaici, bugunsa huɗu, ransa biyar, ya riga ya kai maka duka sau ɗaya. Tunkiya tana hannunka, ƙarfin sauke ta yana nan, katin ma har haske yake yi a gefensa, alamar cewa za ka iya. Yatsa yana ƙaiƙayi. In ka yi jinkiri, igiyar lokaci ta bayyana a tsakiyar allo tana ci da wuta. Komai yana ce maka rama. Amma ka san abin da ke cikin ƙunshinsa. Ka san a zagaye na tara Ysera za ta iya sauka da rai 12, kuma duk ƙarshen zagaye sai ta ba maigidanta sabon kati, katinka na ƙwallon wuta kuwa rai shida kawai yake zaftarewa. In ka ɓarnatar da tunkiya yanzu a kan wannan ɗan tsaka-tsakin, me za ka ce wa Ysera? Sai ka sauke naka dakaren, ka bari a sake dukanka. Rai ya sauko daga 30 zuwa 26, zuwa 22. Mai kallo zai ce ana cin ka. Kai kuwa ka san ba a raba lada a kan yawan ran da ya rage; wanda ya ƙare da rai ɗaya da wanda ya ƙare da 30 nasara guda aka rubuta musu.

A nan nake so mu daɗe, domin yinin da ke gabanmu haka yake. Kowannenmu zai fita yau da amsoshi ƙidayayyu. Ƙarfin jiki yana da iyaka, kuɗin aljihu yana da iyaka, natsuwar zuciya ma tana ƙarewa, kuma ita ce ta fi saurin ƙarewa. Tun kafin hantsi za a fara sauke mana ƙananan dakaru: mai adaidaita da ya shiga gabanka, baƙar magana a ƙarƙashin abin da ka rubuta a Facebook, abokin aiki da ya yi kamar bai ji gaisuwarka ba, habaicin da aka jefo ta kan katanga. Kowanne yana da zafi, ba na musu. Bugun huɗu bugu ne. Amma wanda ya zazzage fushinsa da hujjarsa da kuzarinsa a kansu, idan la'asar ta yi aka zo masa da babbar magana, yaro ya yi abin da ke bukatar uba mai natsuwa, ko mahaifiya ta kira da damuwar da ke son kunne, ko aka miƙo masa haram a lulluɓe, sai ya laluba ya ji hannu wayam.

Attajiri a wasan yana iya amsa kusan komai, shi ya sa bai cika koyon wannan ba. Mai ƙaramin ƙunshi dole ya koya. Yana san katunansa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda mai rumbu guda ya san damin da zai kai shi kaka, yana kuma ƙirga na abokin karawa: wannan ya fita, wancan bai fita ba tukuna. Rashi ya tilasta masa sanin darajar abin da ke hannunsa. Ban ce talauci abin so ba ne. Na dai lura cewa Allah yakan ɓoye wani ilimi a cikin ƙaranci wanda ba a samunsa a cikin yalwa.

Sai dai kada a ɗauka haƙuri naɗe hannu ne. Wannan matsafiyar tana da wani katin, Flamestrike, mai cin ƙarfi bakwai, wanda a wancan zamanin yake yi wa duk dakarun abokin gaba ɓarnar huɗu-huɗu a lokaci guda. Daɗinsa shi ne a jira su taru. Amma a ce da maharbi kake karawa, ranka 12, dakarunsa da ke fili bugunsu ya kai shida, cikinsu da dabba. Kwaɗayi zai ce ƙara jira zagaye ɗaya ya zuba wasu, ka kwashe su gaba ɗaya. Yi lissafi tukuna. Shida na fili, da biyu na kibiyar da yake harbawa duk zagaye, da biyar na katinsa Kill Command in yana riƙe da shi, tunda yana da dabba a fili, 13 ke nan. Ka mutu da maganin a hannunka. A irin wannan wuri sauke katin yanzu shi ne daidai, ko da dakaru uku kawai zai ci. Haka a rayuwa akwai abin da ba a ɗaga masa ƙafa: zaluncin da ake yi wa wanda ke ƙarƙashin kulawarka, ciwon da ke bukatar asibiti yau, bashin da mai shi ke jira alhali kana da halin biya. Wanda ya kira jinkirin waɗannan haƙuri ya yi wa haƙuri ƙazafi.

Yanzu mu ajiye wasa, mu ɗaga kai zuwa ga abin da ya fi shi nesa ba kusa ba. Ba ina kwatanta su ba ne, Allah ya tsare. Ƙaramin abu ne kawai ya tuna mini babba. A watan Zulƙida na shekara ta 6 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fito daga Madina da sahabbai kusan 1,400 da niyyar umara. Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya. Da aka zauna rubuta sulhu, wakilinsu Suhailu ɗan Amru ya ƙi yarda a rubuta laƙabin manzanci, ya ce a sa sunansa da na mahaifinsa kawai. Sayyidina Aliyu, wanda ke rubutun, ya kasa goge shi da hannunsa, sai Annabi da kansa ya goge. Aka yarda Musulmi su koma bana ba tare da sun yi ɗawafi ba, su dawo baɗi su yi kwana uku. Aka yarda wanda ya gudo daga Makka ba da izinin waliyyinsa ba a mayar da shi, wanda ya gudu daga Madina kuwa ba za a mayar ba. Ana cikin haka sai ga Abu Jandal, ɗan shi Suhailun, ya iso yana jan mari a ƙafa, yana neman mafaka. Aka mayar da shi, sahabbai suna kallo.

Ka tsaya ka ji nauyin wannan. Mutanen nan ba ragwaye ba ne. A ƙarƙashin bishiya a wurin nan suka yi mubaya'a cewa ba za su gudu ba. Sayyidina Umar abin ya tsaya masa a rai har ya je ya yi tambaya. Da aka ce a yanka hadaya a yi aski, baƙin ciki ya hana mutane motsi, sai da Ummu Salama ta ba da shawarar Annabi ya fita ya yi nasa ba tare da ya yi wa kowa magana ba, sannan suka bi. Da ido, an karɓi duka ba a rama ba. A hanyar komawa aka saukar da Suratul Fat'hi, ta kira abin da ya faru buɗi. A cikin zaman lafiyar da ya biyo baya mutane suka sami sararin sauraro, irin su Khalidu ɗan Walidu da Amru ɗan Asi suka musulunta, kuma a shekara ta 8 aka shiga Makka da mutum 10,000.

Ga inda ɗan wasa da mumini suka rabu. Ɗan wasa yana jira ne bisa lissafi, lissafinsa kuma yakan ci amanarsa. Wata rana tumakin biyu suna can ƙasan ƙunshi ba su fito ba har aka gama. Wata rana sun fito, ya yi amfani da su daidai, amma dodo na uku da na huɗu suka sauko, ƙunshin mai kuɗi ya yi abin da aka saye shi ya yi. Duk wanda ya ce maka ƙaramin ƙunshi yana cin kowa in dai an iya, bai buga sosai ba. Ka haɗa katunanka da kyau, wannan naka ne. Jerin da za su fito ba naka ba ne. A wasa, in aka yi haƙuri aka faɗi, haƙurin ya tafi a banza, sai dai a danna a sake wani. A wurin Allah ba haka ba ne. Dukan da ka shanye saboda Shi an rubuta, ko an ga amfaninsa a duniya ko ba a gani ba. Ba kowane mai haƙuri ake nuna wa buɗinsa bayan shekara biyu ba, akwai waɗanda sai a can.

Wata 'yar magana ga ƙannenmu masu buga wasan da gaske. Salon tarewa yana cin lokaci, karawa guda takan ja har katunan su ƙare wasan ya fara zaftare ran mutum, ɗaya, biyu, uku, duk jawowa. Wanda ya iya riƙe tunkiya zagaye biyar bai kamata ya kasa ajiye waya ba idan ladan ya kira. Sayen fakitin katin da ba ka san abin da ke ciki ba kuwa, da kuɗin da aka ba ka don wani abu, ka tambayi malaminka, ka kuma tambayi zuciyarka.

Ya Allah, ga mu za mu fita da ɗan abin da ka ba mu. Ka sanya mana albarka a cikinsa, ka cire mana kallon na hannun wani. Ka riƙe harshenmu a inda shiru ya fi, ka sake shi a inda shiru zalunci ne, ka ba mu basirar gane wanne ne wanne. Waɗanda aka mayar da su cikin ƙunci suna kallon ƙofa, ka kawo musu mafita ta inda ba su zata ba. Ka gafarta wa iyayenmu, ka ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.