Murjanin da Ya Yi Kama da Ƙwaƙwalwa

Kakata tana da murjani zare biyu da take ajiyewa can ƙasan adudu, a ƙulle cikin farin ƙyalle. Ba ya fitowa sai ranar biki ko suna. Idan ta ɗora mini shi a tafin hannu, sanyinsa nake fara ji kafin nauyinsa, ja ne mai ɗan duhu, wasu ƙwayoyin sun side don yawan gugar wuya. Takan ƙwanƙwasa ƙwaya ɗaya a haƙorinta ta ce, "Ka ji ko? Na roba ba ya wannan ƙara." Da na tambaye ta daga ina yake, sai ta ce dutsen teku ne. Haka na riƙe shekara da shekaru.

Murjani kalmar aro ce daga Larabci, marjan, kuma ta zo sau biyu a Suratur Rahman, ɗaya tare da lu'ulu'u, ɗaya tare da yaƙutu. Daga ita muka samu sunan Murjanatu. Jan murjanin kuwa daga Bahar Rum ake ciro shi, gaɓar Tunisiya da Aljeriya da Italiya, inda garin Torre del Greco kusa da Napoli ya shahara da sassaƙa shi. A da, kafin ya keto Sahara a bayan raƙumi ya iso kasuwar Kurmi, an riga an yanka shi, an goge, an huda. Ke nan ba mu taɓa haɗuwa da murjani yana raye ba. Ƙashinsa muka sani, shi muka raɗa wa suna, muka rataya wa amare.

Kwanakin baya na ga hoton bidiyon wani abu a ƙarƙashin tekun Karebiyan, kusa da ƙauyen Speyside a tsibirin Tobago. Dunƙulalle ne kamar rumbun da aka kife, tsayinsa wajen mita 3, faɗinsa wajen mita 5, mai ninƙaya yana shawagi a gefensa kamar ɗan tsako. Jikinsa duk kwaruruka ne da kunyoyi masu lanƙwasa, suna shiga juna suna fita, ba ka gane inda ɗaya ya fara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fasa kan rago washegarin Babbar Sallah zai gane abin da ya tuna mini. Turawa ma abin da suka gani ke nan, suka haɗa kalmarsu ta ƙwaƙwalwa da ta murjani suka kira shi murjanin ƙwaƙwalwa.

To amma ba shi da ƙwaƙwalwa ko kaɗan, kuma ba dutse ba ne. Taron 'yan dabbobi ne dubbai masu taushin jiki, kowanne da baki da 'yan hannuwa kewaye da bakin. Suna zuƙo sinadari daga ruwan teku su gina wa kansu mazauni mai tauri, irin sinadarin ɓawon ƙwai da na katantanwa. Kwarurukan nan da ke kama da ninkin ƙwaƙwalwa, a cikinsu bakunan suke jere, namansu haɗe da na juna, har abincin da ɗaya ya samu yana iya kai wa maƙwabcinsa. Da rana suna noƙewa, wata gansakuka ƙanƙanuwa da ke zaune cikin namansu tana sarrafa hasken rana ta ciyar da su, ita ce kuma ke ba su launin ƙasa-ƙasa ko kore. Da dare sai su miƙo hannuwa su kama ƙananan halittun da ruwa ya kawo. Abin da suke da shi a madadin ƙwaƙwalwa wata ragar jijiyoyi ce kawai, wadda ke sa su janye jiki idan an taɓa su.

Mu ma kalmar ƙwaƙwalwa ba abu ɗaya muke nufi da ita ba. Akwai wadda mai kai da ƙafa ke zuba wa mutum a kwano. Akwai ta "yaron nan yana da ƙwaƙwalwa," wadda ba a gani, sai a aikinta. Da kwamfuta ta zo, muka ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, duk da ba ta yi kama da abin da ke cikin ƙoƙon kai ba, saboda aikinta muka duba. Mai raɗa wa murjanin nan suna kuwa kama ya duba, ya bar aiki. A ganina Bahaushe ya fi shi dacewa a nan, domin ninkin ƙwaƙwalwar mutum dabara ce ta cusa shimfiɗa mai faɗi cikin ƙaramin ƙoƙo, abu mai nauyin kilo 1.4 ɗauke da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, alhali ninkin murjani jerin bakuna ne masu jiran abinci.

An ce suna linzami ne, kuma linzamin nan yana jan mai kira kamar yadda yake jan wanda aka kira. Abin da ka kira dutse ba ka tausaya masa. Garin Sawakin na Sudan, inda alhazanmu na da, masu tafiyar ƙasa, ke shiga jirgin ruwa su haye Bahar Maliya, da tubalan murjani aka gina shi, haka ma tsofaffin gidajen Jidda. Ban ga laifin maginan ba, abin da ƙasarsu ta ba su ke nan. Masana ma sun daɗe suna ɗaukar murjani tsiro. A shekarun 1720 wani likitan Faransa, Peyssonnel, ya lura cewa abin da ake kira furannin murjani suna motsi suna noƙewa, ya ce dabbobi ne, manyan masanan Faris suka ƙi yarda da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rashin kaurin rayuwar. A dunƙulen nan na Tobago, mai rai fata ce siririya a saman kawai, 'yan milimita. Duk abin da ke ƙarƙashinta ginin magabata ne, kowane zamani ya ɗora nasa a kan na wanda ya shuɗe. Wani nau'in na Karebiyan yana ƙaruwa da kimanin milimita 3.5 a shekara. Na yi lissafi da shekarun kakata, tamanin da 'yan kai, sai na ga duk tsawon rayuwarta bai kai ya ƙaru da kamu ɗaya ba. Murjani mai rassa kamar ƙahon barewa yana iya yin santimita 10 a shekara, amma guguwa na zuwa ta kakkarya shi. Shi wannan dunƙulallen igiyar ruwa ta bi ta kansa ta wuce, shi ya sa wasunsu ke kai ɗaruruwan shekaru.

Abin da guguwa ta kasa, zafi yana yi. Idan ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri 1 kacal na tsawon makonni, 'yan dabbobin sukan fitar da gansakukar da ke ciyar da su, su yi fari fat, yunwa ta fara cinsu. A 2014 kuma wata cuta ta ɓulla a gaɓar Fulorida kusa da Miyami, ta bazu zuwa tsibiran Karebiyan, tana zagwanyar da naman murjani, masu kama da ƙwaƙwalwar nan suna cikin waɗanda ta fi kamawa. Ginin da ya girmi kakan kakanmu yakan mutu cikin makonni ko 'yan watanni. Naman na saɓulewa sai kwarurukan su fito sarai, farare, masu kaifi. Irin wannan busasshen ne ake samu a kan teburin ado da cikin gilashin gidan tarihi, an rubuta sunansa a ƙasa.