Mai Shara da Mai Gadi: Doka Kaɗai Ta Isa?

Tun kafin 'yan kasuwar kayan gyaran mota na Abossey Okai su buɗe shagunansu, mai shara ta riga ta share azuzuwan makaranta, mai gadi kuwa bai runtsa ba. Haka abin yake a Nima da Mamobi. Ba a kiran sunayensu ranar rabon kyaututtuka, amma in babu su makaranta ba ta buɗuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dokar ƙwadago ta ƙasar Gana, mai lamba 651 ta shekarar 2003, ba ta manta da su ba. Ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya ga aikin da ya kai wata 6. Ta ba ma'aikaci hutun kwana 15 na aiki kowace shekara tare da albashinsa, mace mai jego kuma mako 12. Ma'aikacin wucin gadi da ya cika wata 6 a jere wurin ubangida ɗaya, doka ta ɗauke shi cikakken ma'aikaci.

Masu irin wannan aiki a makarantun gwamnati suna da ƙungiyar TEWU. A watan Yuli 2022 ta shiga yajin aiki tare da ƙungiyoyin malamai, suna neman alawus na tsadar rayuwa kashi 20 cikin ɗari, aka daidaita a kan 15. Amma mai gadin ƙaramar makarantar kuɗi, wa zai tsaya masa?

A ɗauka mai makaranta yana sallamar mai shara duk bayan wata 5, in an dawo hutu ya sāke ɗaukarta, don kada ta taɓa cika wata 6. Yana iya cewa bai karya doka ba. Yana iya ƙarawa da cewa iyaye ba su biyan kuɗin makaranta a kan lokaci, kuma sau da yawa wannan gaskiya ne. To, ya yi adalci?

Bai yi ba. Ya ci moriyar aikinta na shekaru, ya hana ta kwanciyar ran da ke biye da shi. Ranar da ciwo ya kwantar da ita, ko tsufa ya zo ba ta da kobo a asusun fansho na SSNIT, ita kaɗai za ta ɗauki nauyin dabararsa. Ƙarancin kuɗi dalili ne na zama da ma'aikaci a faɗa masa gaskiya, ba na ɗora asara a kan wanda ya fi kowa rauni ba.

Doka iyakar ƙasa ce. Lamiri ya kamata ya wuce ta. Wannan ya shafi kowane kwamitin makaranta, har da na ikkilisiya. Yara suna koyon gaskiya a allo, suna kuma ganin yadda ake yi wa mai gadi a bakin ƙofa. Darasi na biyun ya fi zama a zuciya.