Haƙƙin Mai Barci

Da zarar gari ya waye, tambayar farko da Bahaushe ke yi wa ɗan'uwansa ita ce, "Ina kwana?" Ba ya farawa da abin da aka ci ko abin da aka samu. Haka nan in zai ƙidaya tsawon rai, da kwana yake ƙidayawa, har in mutum ya rasu a ce kwanansa ne ya ƙare. Natsuwar zuciya ma da kalmar kwanciya ya kira ta, watau kwanciyar hankali. Al'ummar da ta ɗora gaisuwarta da lissafinta a kan kwana, lalle ba ta ɗauki wurin kwana abin wasa ba. Saboda haka ya cancanta mu tsaya mu yi tambaya: mene ne ke sa ɗakin kwana ya zama wurin hutawa? Kayan da aka zuba a cikinsa ne, ko kuwa halin mutanen da ke ciki da kewayensa?

In ka tambayi kasuwa, amsarta a shirye take: sayi katifa mai taushi, da labule mai kauri, da fanka, da turaren wuta. Ba mu raina waɗannan abubuwa ba, don kuwa wanda ya taɓa kwana a kan katifar da ta lotsa ya san bambanci. Amma mu tuna da jeren ɗakin amarya. Akan cika bango da kwanuka da tasoshi, a yi gado sama da mutum, 'yan kallo su shigo su yaba. Wannan ado na idon baƙo ne da rana. In dare ya yi aka kashe fitila, kwano ɗari da kwano ɗaya duk ɗaya ne wurin mai barci. Ashe ke nan kaya kaɗai ba su isa amsa ba.

Magabatanmu magina sun bi wata hanya dabam. Dubi tsarin gidan Bahaushe na gargajiya. Baƙo a zaure yake tsayawa. Wanda aka yarda da shi ya wuce shigifa. Sai an ratsa tsakar gida kafin a kai ga turakar maigida ko ɗakunan mata, kuma ko a nan ma ga asabari a bakin ƙofa. Kowane mataki yana rage wani abu: hayaniyar titi, da idon mai wucewa, da ƙura. Bangon tubali mai kauri yana jinkirta shigar zafin rana, ƙaramar taga tana rage haske, kana in hunturu ya kama akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce, ɗaki yana samun natsuwa gwargwadon abin da aka hana shi shiga.

Binciken zamani bai saɓa wa maginin tubali ba. A shekarar 1958 Aaron Lerner da abokan aikinsa a Jami'ar Yale ta Amurka suka gano wani sinadari mai suna melatonin. Jiki yana fitar da shi ne in duhu ya yi, don ya shirya wa barci, haske mai ƙarfi kuwa yana danne shi. A shekarar 2017 aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel ta fannin likitanci, saboda sun bayyana yadda agogon cikin jiki ke bin juyawar dare da rana. Game da ƙara kuma, a shekarar 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada amon da ke ci gaba a ɗakin kwana da dare ya wuce desibel 30, watau kamar ƙarfin raɗa. Masana barci sun kuma haɗu a kan cewa baligi yana bukatar aƙalla sa'a 7 a kowane dare. Duhu, da shiru, da iska mai sanyi-sanyi, da isasshen lokaci: su ne jarin, kuma mafi yawansu ba a kanti ake sayensu ba.

To, a nan ne maganar ta tashi daga gini ta koma ɗa'a. Mai karatu ya tambayi kansa, ta hannun wa haske da ƙara suke shiga ɗaki da tsakar dare? Galibi ta hannun wani mutum ne. Abokin ɗaki ne ya kunna fitila. Maƙwabci ne ya girke janareto a gindin taga. Baƙo ne ya zo hira ya ƙi tashi. Mai barci ba shi da ikon kare kansa daga ko ɗaya daga cikinsu. Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa, kuma gaskiya ne ta wannan fuska: mai barci ya ajiye idonsa da hankalinsa da ƙarfinsa, ya bar kansa a hannun waɗanda ke farke. Duk wanda ya kwanta kusa da kai ya ba ka ajiya, ko da bai furta ba. Ra'ayin wannan maƙala ke nan: barcin mutum amana ne a wuyan wanda idonsa biyu.

Addini da shari'a duk sun san da wannan haƙƙi. A cikin Suratun Nur, aya ta 58, an ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar lisha. Dukkansu lokutan kwanciya ne. A Turai kuma, a shekarar 1978 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta nahiyar ta yanke hukunci a ƙarar da ƙasar Ayaland ta kai Birtaniya, kan wasu dabaru biyar da aka yi amfani da su a kan tsararru a Ayaland ta Arewa a 1971. Biyu daga ciki su ne hana barci da sakin ƙara ba ƙaƙƙautawa. Kotun ta ce haɗa dabarun nan rashin tausayi ne da wulaƙanta ɗan'adam. Ba muna cewa mai kunna rediyo a ɗakin kwanan ɗalibai daidai yake da mai gallaza wa fursuna ba. Amma abin da kotu ta kira zalunci in ya yi yawa, ba ya zama halal don an yi shi kaɗan-kaɗan. Wani lokaci ma abin ya wuce hana barci ya kai ga rai, domin hayaƙin janareto ko na gawayi a rufaffen ɗaki yana ɗauke da wata iska mai guba marar wari marar launi, wadda kan kashe mutane suna cikin barci.

Wani ɗalibi zai ce, "Ni fa jarrabawa ce a gabana, kuma ni ma na biya kuɗin ɗakin nan. Don me haƙƙinsa na barci zai danne haƙƙina na karatu?" Tambaya ce mai nauyi, ba a kore ta da tsawa. Amsarta ita ce, haƙƙoƙin biyu ba su yi daidai wajen sauƙin ɗauka ba. Mai karatu yana iya ɗaukar littafinsa ya tafi aji ko ɗakin karatu, ko ya kare fitilarsa ta haska shafinsa kaɗai. Mai barci ba ya iya ɗaukar gadonsa ya tafi ko'ina. In haƙƙi biyu suka ci karo, adalci shi ne wanda ke da mafita ya kauce. Ban da haka, shi kansa mai raba dare yana cutar karatunsa, domin bincike ya tabbatar cewa barci yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta riƙe abin da aka koya da rana.

Wani kuma zai ce wannan duk zancen masu hali ne, ina talakan da ke kwana da iyalinsa a ɗaki ɗaya, ko ɗalibai takwas a ɗakin mutum huɗu, za su sami zaure da shigifa? Gaskiya ne cunkoso masifa ce, kuma hukumomin da ke tara mutane haka suna da nasu alhakin. Amma inda bango ya gaza, a nan ne hali ya fi zama dole. Mutanen ɗaki ɗaya suna iya gina zaurensu da yarjejeniya: lokacin kashe fitila sananne, hira da baƙi a waje, waya a rage mata murya da haske, ƙofa a buɗe ta a hankali, wanda ya tashi da asuba ya shirya kayansa tun da dare. Ko sisi ba a kashewa a kan waɗannan. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji masu iya magana, to maganin saɓawar shi ne a yi magana da rana kafin dare ya kawo fushi.

Saura haƙƙin mutum a kan kansa, don shi ma mai barci ne a hannun kansa. Wanda ya ci goro ko ya sha shayi mai kauri da dare, ya hau gado da waya a hannu yana bin gardamar duniya, ya buɗe wa kasuwa ƙofar turakarsa da hannunsa. Wanda ya kwanta da gaba a zuci kuwa, ko a ɗakin sarki yake sai ya yi ta juyi.

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, an ce dare mahutar bawa. Wanda bai mallaki komai ba ma an bar masa dare. Kafin mu ce wa abokin ɗaki "Ina kwana?" gobe da safe, ya kamata kowannenmu ya tabbata ba shi ne dalilin da zai sa amsar "Lafiya lau" ta zama ta kunya kawai ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.