ME YA SA YA YI HAKA?

A ƙasar Amurka, cikin jihar Oregon, akwai wani gari da a ke kira Springfield. A can ne wani yaro mai suna Kip Kinkel ya ke zaune da iyayensa. Shekarunsa 15. Ubansa da uwarsa duka malamai ne masu koyar da Sifaniyanci, mutanen kirki a idon gari.

Ran Laraba, 20 ga watan Mayu 1998, aka sami ƙaramar bindiga ta sata, da harsashi a ciki, cikin akwatin da ya ke ajiye kayansa a makarantar Thurston, watau irin makarantar da mu ke kira lise. 'Yan sanda suka kama shi, daga baya suka danƙa shi hannun ubansa. Da suka koma gida, sai ya harbe uban. Da yamma uwar ta komo, ya tarye ta, ya faɗa mata yana ƙaunarta, ya harbe ta ita ma. Kashegari da safe ya ɗauki mota, da bindigogi 3, da harsashi fiye da 1,000, ya nufi makaranta. Ya shiga ɗakin cin abinci ya buɗe wuta. Ɗalibai 2 suka mutu, 25 suka ji rauni. A watan Nuwamba 1999 alƙali ya yanke masa ɗaurin shekara 111.

Duk wanda ya ji labarin nan, tambaya ɗaya ce ta ke fita daga bakinsa: me ya sa ya yi haka?

SHIRIN DA YA NEMI AMSA

A watan Janairu 2000, gidan telebijin na PBS ya nuna wani shirin bincike cikin jerin shirye-shiryensa da a ke kira Frontline. Sunan shirin The Killer at Thurston High, watau mai kisa na makarantar Thurston. Masu shirin sun yi aiki ƙwarai, ba wanda zai ce sun yi ƙyuya. Sun tattara hotunan gida na ƙuruciyar yaron. Sun karanta abin da ya rubuta a ɓoye. Sun yi magana da 'yar'uwarsa da abokansa. Har sun sa masu kallo sun ji muryarsa sa'ad da ya ke kuka gaban ɗan sanda, yana faɗin abin da ya yi.

Ga abin da aka sani game da rayuwarsa. Yana ƙarami iyayensa suka tafi da shi ƙasar Sifen shekara guda, aka sa shi makarantar da ba ya jin harshenta. Da suka komo gida karatu ya yi masa wuya, har ya maimaita aji ɗaya. Yayarsa kuwa gwana ce, kome ta taɓa sai ya yi kyau. Shi ya ga kamar ba ya iya faranta wa ubansa rai. Ya girma da son bindiga da abubuwan fashewa. A farkon 1997 aka kama shi da wani abokinsa don jifar motoci da duwatsu daga kan gada. Uwarsa ta kai shi wurin masanin halin mutum, aka ba shi maganin baƙin ciki mai suna Prozac, ya sha 'yan watanni, aka daina. A cikin shekarar nan ce ubansa ya saya masa ƙaramar bindiga ƙirar Glock, da fatan ya koya masa riƙe ta da hankali, su kuma sami abin da zai haɗa su.

To, mai kallo ya zauna, ya ga duk wannan, shiri ya ƙare. Sai ya tashi kamar wanda ya sha ruwan gishiri. An ba shi labari mai yawa, amma ƙishirwarsa ba ta tafi ba. Har yanzu tambayar tana nan inda ta ke.

DALILAI DA YAWA, AMSA BABU

Aboki, mu dubi dalilan nan ɗaya ɗaya. Yara nawa ne karatu ya ke yi musu wuya? Dubbai. Yara nawa ne su ke da wa ko ya wadda ta fi su? Kusan kowane gida. Samari nawa ne su ke ganin uba ba ya yabonsu? Wataƙila kai ma kana cikinsu dā. Duk waɗannan sun girma, sun yi aure, sun haifi 'ya'ya, ba su kashe kowa ba. Kowane dalili gaskiya ne. Amma in ka tara su duka ka ƙidaya, lissafin ba ya kai ka ga gawa huɗu.

Dalilan nan kamar itace ne da aka tara a murhu. Itace ya kan kwana a murhu shekara bai kama ba. Mai ɗaukar hoto ya iya nuna maka itacen, guda guda, da inda aka saro shi. Wurin da wutar ta tashi kuwa, cikin zuciya ne, na'urar ɗaukar hoto ba ta shiga can.

Mutanenmu su kan ce, labarin zuciya a tambayi fuska. Sau da yawa haka ne. Amma a hotunan gidan nan ga yaro yana wasa, yana dariya, kamar ɗan kowa. Fuska ma ta kan yi ƙarya.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Don me mu ke son amsa haka? Ba kullum don tausayi ba ne. Sau da yawa muna so a nuna mana wani aibi babba a gidan nan, uba mashayi, ko uwa marar kula, domin mu ce, “Ai shi ya sa. Gidana ba haka ya ke ba.” Sa'an nan mu kwanta da rai kwance. Shirin nan bai ba mu wannan hutu ba, gama iyayen sun ƙaunaci ɗansu, sun kuwa yi ƙoƙari. Ashe rabin ɓacin ranmu ga shirin daga nan ya fito. Mun je neman dodo, sai muka tarar da gida irin namu.

CIWO DA LAIFI

Akwai wani abu mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Bayan an kama shi, yaron ya faɗa wa likitoci cewa tun yana shekara 12 ya ke jin muryoyi cikin kansa, suna zaginsa, suna umurtarsa. Likitocin da suka ba da shaida gaban alƙali suka ce yana da taɓin hankali mai tsanani. Shekara uku yana ɗauke da wannan abu, bai gaya wa uwarsa ba, bai gaya wa masanin da aka kai shi wurinsa ba. Tsoro ya ke ji kada a ce masa mahaukaci.

Ciwon nan gaskiya ne, ba abin ba'a ba ne. Yana bukatar likita da magani kamar yadda tarin fuka ya ke bukata. Mu kuma sani, yawancin masu irin ciwon nan ba su cuci kowa ba. Sau da yawa ma su ne a ke cuta.

To, a nan mutane suka rabu biyu. Waɗansu suka ce, ciwo ne ya yi kisan, yaron kamar mota ne da birki ya tsinke mata. Waɗansu suka ce, mugu ne kawai, shaiɗan ne cikin fatar mutum. Ka lura, maganganun nan biyu sun bambanta a baki, amma aikinsu ɗaya ne. Dukansu suna fitar da shi daga cikin 'yan Adam, domin ya yi nisa da mu. Gaskiyar ta fi haka wuyar haɗiya. Shi mutum ne, marar lafiya, wanda ya aikata mugun abu, ya kuwa amsa laifinsa gaban shari'a a watan Satumba 1999. Ina ciwo ya ƙare, ina nufin zuciya ya fara? Alƙali ya yanke iyakar abin da ɗan Adam ya ke iya yankewa. Ma'aunin da zai raba su daidai yana hannun Allah kaɗai, wanda ya san abin da ke ɓoye.

TSOHUWAR TAMBAYA

Labarin kisa na fari yana cikin Littafin Farawa, sura 4, labarin Kayinu da ƙanensa Habila. Gajere ne ƙwarai. Ba a ɓata lokaci wajen ba da tarihin ƙuruciyar Kayinu ba. Abu biyu ne labarin ya tsaya a kansu. Kafin kisan, Allah ya ga fushinsa, ya yi masa magana, ya gargaɗe shi cewa zunubi yana fakonsa kusa, ya kamata ya rinjaye shi. Kayinu bai buɗe zuciyarsa ba, ya riƙe abinsa a ciki. Bayan kisan kuma, Allah ya tambaye shi inda ɗan'uwansa ya ke.

Ka ga inda hankali ya karkata? Kafin jini ya zuba, ga magana da mai fushi. Bayan ya zuba, ga tambayar wanda aka kashe. Mu kuwa mu kan juya abin. Kafin ɓarna ba mu tambayi yaro kome ba. Bayan ɓarna sai mu kafa masa ido shekara da shekaru, sunansa a bakin kowa, har sunan shirin ma nasa ne. Waɗanda suka mutu sai su zama lamba: 2, da 25.

Ga wani abu kuma. A ɗakin cin abincin nan, sa'ad da harsashin doguwar bindigar ya ƙare, yana ƙoƙarin sake cika ta, wani ɗalibi da aka riga aka harba a ƙirji ya tashi ya kā da shi ƙasa. Waɗansu ɗalibai suka taimaka suka danne shi. Da ba su yi haka ba, da gawawwakin sun fi haka yawa. Shi kuma me ya sa ya yi haka? Wannan ma asiri ne na zuciya, daidai da wancan. Yara biyu, makaranta ɗaya, safiya ɗaya. In tarihin gida da wahalar ƙuruciya su ne dukan bayanin mutum, ba za mu iya bayyana ko ɗaya daga cikinsu ba.

KAI FA?

Mai karatu, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Telebijin ba zai iya buɗe maka zuciyar yaron Oregon ba. Amma akwai zukatan da ke kusa da kai, waɗanda har yanzu a ke iya ƙwanƙwasa ƙofarsu.

A kan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, muna kuwa yabon yaro mai zurfin ciki. Amma akwai abin da in ya daɗe a ciki sai ya ruɓe. In kai uba ne, ɗanka zai iya zuwa ya ce maka, “Baba, ina jin abin da ke ba ni tsoro,” ba tare da ka yi masa tsawa ko dariya ba? In ke uwa ce, ko kai malami, ka ga yaro ya janye jikinsa, yana yawan maganar mutuwa da kisa, kada ka ce ƙuruciya ce. Zauna da shi. Ka tambaye shi a fili, ka jira amsa. In abin na likita ne, a kai shi, kada kunyar mutane ta hana. Makami kuwa, kowane iri ne, a nisanta shi daga hannun mai baƙin ciki, ko da ya roƙa da hawaye.

Sa'an nan ka dubi taka zuciyar. Wane fushi ne ka ke kiwo a ciki, wanda ko matarka ba ta sani ba? Wa ka ke ƙi a ɓoye? Ba ka ɗauki bindiga ba, mun gode Allah. Amma itacen yana murhu. Kada ka kwana da shi yau. Ka faɗa wa Allah, wanda ya riga ya gani, ka kuma nemi mutum mai aminci ka faɗa masa.